Beetle, Starlet ko Mini: wacce ta dace da mai sayen tsohuwar mota karon farko a Kano?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan ƙaramar tsohuwar mota ta sha'awa, wadda za a riƙa fita da ita yammacin Juma'a ko ranar biki, ba ta zuwa aiki kullum ba. Guda uku ne a gabana. Akwai Volkswagen Beetle 1500 da aka ce haɗin Legas ce, tana ajiye a wani gida a Fagge, mai ita ya rasu, ta daɗe ba a tayar da ita ba. Akwai Toyota Starlet mai farfela, wato mai ja da ƙafar baya, tana tashi tana tafiya, an yi mata sabon fenti. Sai wata Mini da dillali ya turo mini hotonta, wai tana Kwatano, sitiyarinta a hannun dama. Ni iyakacin gyarana canza taya da duba baƙin mai. Wacce za ta iya da zafin Kano da ƙurarta? Me zan duba kafin in ba da kafin alƙalami?

Bakaniken Kwakwaci

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire Mini daga lissafi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mota mai sitiyari a dama rigima ce tsakaninka da masu rajista da 'yan Road Safety, juya sitiyarin kuma aiki ne mai cin kuɗi. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sannan kwastam na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, Mini ta asali kuwa tun 2000 aka daina ƙera ta. Ko ta shigo lafiya, cikinta dab da ƙasa yake, giyabos ɗinta a ƙarƙashin inji yake, baƙin mai ɗaya suke sha. Tudun rage gudu guda a layin unguwa ya isa ya fasa maka su biyun, kowane ɗan ƙarfe kuma sai an yi odarsa daga Ingila.

Beetle za ta zauna a Kano, a 1975 aka fara haɗa ta a Legas kuma ta yi yawo a Arewa ba kaɗan ba. Amma da sharaɗi. Injinta ba shi da lagireto, iska da baƙin mai kawai ke sanyaya shi. Fanka ce a cikin wani gidan kwano a saman injin, tana hura iska ta kan silinda huɗu, zafin ya fita ta ƙasa. Duk kwanukan nan da ke kewaye da injin, da robar da ta zagaye shi ta raba sama da ƙasa, ba ado ba ne. Idan ɗaya ya ɓata, fankar za ta riƙa jawo iskar zafin da ta riga ta fitar, ta sake hura wa injin. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, kana tsaye a cunkoson 'Yan Kura ko Kurna, haka ake ƙona bawul. Yawancin Beetle ɗin da aka ce "ba ta son zafi", yaran gareji ne suka kwance kwanukan suka ƙi mayarwa don ganda. In ka buɗe murfin baya ka hango ƙasa ta gefen injin, to akwai abin da babu.

Duba kuma bakuna biyu da ke jikin gidan fankar, hagu da dama, inda tiyon hita ke shiga. A nan garin ba mai buƙatar hita, sai a cire tiyon a bar bakunan a buɗe, iskar da ya kamata ta je kan silinda ta tsere ta nan. Ko a mayar da tiyon, ko a toshe su. Haka robobin da ke kan wayoyin fulogi, su ma rufe ramuka suke yi. Silinda ta 3, wadda ke hagu ta ɓangaren gaban mota, ita ta fi shan zafi a tsohon tsari, saboda na'urar sanyaya baƙin mai tana cikin gidan fankar ta tare mata iska. Daga 1971 Jamusawa suka fitar da na'urar waje, za ka ga gidan fankar ya yi ƙusumbi ta bayansa. In ka samu mai ƙusumbin, ka yi dace.

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana. Kama fulin ƙasa, na karanshaf, da hannu biyu, ka ja shi ka tura. Wasan da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.15 ba, wato da ƙyar hannu zai ji shi. In ido ya ga motsin, ko ka ji ƙwas-ƙwas, babban mital ɗin da ke ɓangaren giyabos ya ci gidansa a jikin bulok, wannan garambawul ne sukutum, wani lokaci ma sai an nemi wani bulok.

Tunda ta daɗe a ajiye, kar ka yarda a zo da batir a buga mata kik don a burge ka. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto, ringi sun bushe. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowace silinda, a bari ya kwana, sannan a juya injin da hannu. In ya zagaya sumul, a yi juye, a ba ta sabon fetur daga galan, a tayar. Bayan ta ɗumama a gwada kwamfireshan: kowace silinda ta kai 100 ko sama a agogon, kuma su yi kusa da juna. Ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da 20, musamman ta 3, bawul ne ko tof silinda ya tsage.

Sabis ɗinta ba wuya, sai dai ba ta yafe sakaci. Baƙin mai lita 2.5 kacal take ɗauka, kuma ba ta da filta, 'yar raga ce a ƙasa da noti shida, ana wanke ta a mayar da sabon gasket biyu. Juye duk kilomita 5,000 a ƙa'ida, a ƙurar hunturu ni zan ce 3,000, da mai kauri 20W-50. Bawul ana saita su injin yana sanyi ƙalau, a milimita 0.15, duk lokacin juye, domin bawul ɗin hayaƙi idan ya matse ba ya zama ya huce, sai ya ƙone. Tazarar kwantak milimita 0.4. Taimin kada a yi shi da kunne. Makanikai na son ƙara shi don motar ta yi tsalle, alhali in ya wuce digiri 30 zuwa 32 a babban totur, fistin ne ke biya. Fanbel ya lotsa milimita 10 zuwa 15 in ka danna da babban yatsa, kuma kullum akwai safaya a but. Jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya nan take: bel ɗin da ke juya dainamo shi ke juya fanka.

Mai Toyota na Sabon Gari

Oga ya yi bayani, ban ƙi ko ɗaya ba, amma ku dubi mai tambayar. Ya ce taya kawai ya iya canzawa. Motar da sai an saita mata bawul duk juye, wa zai riƙa yi masa? Dattawan da suka san Beetle a garin nan sun yi ƙaranci, yaro kuwa in ka kai masa sai ya buɗe gaba yana neman inji. Kayanta ma, ko da yake an ƙera Beetle fiye da miliyan 21 a duniya kafin a daina a Meziko a 2003 kuma ana buga sababbin kayanta har yau, a Ƙofar Ruwa sai an tona, wani abin sai Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas.

Ni Starlet zan ce masa. Mai farfelar nan an yi ta daga 1978 zuwa 1984, injin K ne a ciki, babbansu 4K mai cc 1,290. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba, kuma 'yan gida ɗaya ne da injin Corolla KE70 da 5K na Liteace, shi ya sa filta, kwantak, kwandansa, famfon ruwa da gasket ba sa wuyar samu, kowane gareji kuma ya san shi. Baƙin mai kamar lita 3.5, kwantak 0.45, bawul ana saita su da zafi, 0.20 na shiga, 0.30 na hayaƙi. Burkin gaba faifai ne, sitiyarinta sakayau, ta fi Beetle jin daɗin tuƙi a cikin gari nesa ba kusa ba.

Inda take mutuwa shi ne ruwa. Shekara arba'in ana ɗura mata ruwan rijiya, lagireto ya toshe da tsatsa, an cire tamostat an jefar, ta tafasa sau da yawa, tof silinda na alminiyam ya lanƙwashe. Je ka same ta da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi. Buɗe murfin lagireto, a tayar, ka sa ido: kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya ƙone. Juya murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga fari-fari mai kauri ruwa na haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi a tashin farko kawai robobin bawul ne, ƙaramin aiki. Shuɗi duk lokacin da aka taka totur ringi ne. A bar ta a silo minti ashirin a rana, allurar zafi kada ta wuce tsakiya.

Abin tsoro ɗaya: irin waɗannan da Datsun 120Y sun sha aikin tasi. Ɗaga kafet da robar ƙofa ka nemi tsohon fenti, ka ɗaga ƙofar baya da hannu ka ji ko hinjinta ya saki. Wadda ta yi haya, komai arha, bar ta.

Fanel Bita na Ƙofar Ruwa

Ku kuna ta maganar inji, inji kuwa noti huɗu ne ke riƙe da na Beetle, a yini ɗaya an sauke an ɗora wani. Bodi shi ne motar. Malam Ɗan Gwammaja, kalmar "sabon fenti" da ka faɗa a kan Starlet ɗin ita ta tsaya mini a rai. Sabon fenti a motar sayarwa kyan ɗan maciji ne. Gara wadda rana ta dafa fentinta ya koɗe, kana ganin gaskiyarta.

Tafi da mayen ƙarfe ƙarami ka naɗe shi a tsumma, ka bi gindin ƙofofi, bakin tayoyi, ƙasan gilashin gaba da na baya. Inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cika. Ka je da rana tsaka, ba da magariba ba, ka tsuguna ta gefe ka kalli jikin a karkace, duk inda aka yi bugu zai nuna igiya-igiya. A Starlet bodi da shasi abu ɗaya ne, saboda haka duba kan shokazoba a cikin bonet, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashi, da inda ƙafar baya ke ɗaure. Walda a waɗannan wuraren ba ta da kyau.

Beetle kuwa bodi ne aka ɗaura a kan faranti da kusoshi. Laka-gad ɗinta huɗu kwancewa ake yi, lotsawa a nan ba komai ba ce, ka rage kuɗi da ita kawai. Farantin ƙasa ma ana yanke rabi a sa wani. Abin da ke kashe ta shi ne dogon bututun da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, wanda iskar hita ke bi, don shi ne ƙashin bayan bodin. Soka masa sukundireba daga ƙasa da ta ciki. In ya shige, ko ka ga ƙofa ta sauka tana gogar ƙasa, ko tazarar ƙofa ta fi faɗi a sama, aikin sai an raba bodi da faranti, ba na mai farawa ba ne. Ɗaga kujerar baya ta dama, nan batir yake, ruwan batir kan cinye wurin. Ciro safaya a gaba ka duba ramin, in ya tattare ta taɓa karo, sai ka bi ka duba kan shasin inda bim ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba, ke ɗaure.

Motar da ta yi rayuwarta a Kano tsatsarta kaɗan ce in ka gwada da ta Legas ko Fatakwal, wannan ribarmu ce. Namu ciwon daban: rana ta busar da robobin gilashi, ruwan Agusta ya shiga ya kwanta ƙarƙashin kafet, ganyen darbejiya ya toshe magudanai, ɓeraye su ci wayoyi. Wayoyin Beetle duk suna bayan dashbod, ta cikin but ake ganinsu. In ka tarar da ƙulle-ƙulle da salatif, sa kuɗin mai waya a lissafi. Ka kuma ƙirga ƙananan kaya: fitilu, bamba, marfin taya, hannun ƙofa, agogon gudu. Fistin ana samu, amma gilashin fitilar baya na asali sai ka yi wata shida kana cigiya.

Baba na Fagge

Ɗana, tunda ka ce mai Beetle ya rasu, fara da wannan kafin mayen ƙarfe. Motar gado ce. Tambayi ko an raba gadon, kuma a rabon wa ta faɗa. In ba a raba ba, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai, ko shi ne babba. Sai magada sun amince a rubuce, har mata da waɗanda ke aure a wani gari, in akwai marayu ƙanana da waliyyinsu, mafi kyau da takardar kotun da ta yi rabon. In ba haka ba, sai ka gama kashe kuɗin fenti wani ya zo ya ce motar mahaifinsa ce.

Sannan lamba. A Beetle lambar shasi na kan tudun tsakiya a ƙarƙashin kujerar baya, akwai kuma ɗan faranti a bayan safaya, ta inji tana ƙarƙashin ƙafar dainamo. Su dace da abin da ke takarda, harafi da harafi. Wurin da aka goge da gurinda ko aka yi wa walda, juya ka tafi. In an taɓa canza inji, a ba ka rasit ɗinsa. Starlet shigo da ita aka yi, nemi takardar kwastam ɗinta. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu da hoton katin shaidar mai sayarwa, a yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ka je ofishin lasisi a sauya mallaka, in tsohuwar lamba ce mai KN a ba ka sabuwa. Sai takardar VIO da inshora, wadda ƙaramarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Ka gama wannan kafin ka hau titi, KAROTA ba ruwansu da cewa motar tarihi ce.

Kuɗin da ka tanada, kada ka kai fiye da rabinsa wurin saye. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi taya, a san wa zai biya. Bakaniken da zai duba maka kuma naka ne, ba wanda dillali ya kawo ba.

Ɗan Gwammaja

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Mun je da bakanike. Starlet ɗin mayen ƙarfe ya ƙi kama gindin ƙofofi uku, kuma akwai fentin haya a ƙarƙashin kafet. Beetle ɗin injin ya juya da hannu, fulin bai yi motsin da ido zai gani ba, bututun ƙarƙashin ƙofofi sun ƙi sukundireba. Amma wurin batir ya huje kamar faɗin tafin hannu, babu kwanon baya na inji da robarsa, burki ya tafi ƙasa gaba ɗaya. An raba gado, ta faɗa hannun 'yar marigayin, mijinta ne wakili. Oga, in an sallama, da me zan fara?

Bakaniken Kwakwaci

To wannan ta saye ce, ƙanena. Ramin batir facin walda ne na yini guda. Ita 'yar marigayin ta sa hannu da kanta, kamar yadda Baba zai gaya maka, ba wakili kaɗai ba. Kuma a ɗauko ta a kan mota, kada a ja ta da igiya ba burki.

Burki ne farko. Masta, wato babban famfon burki, silindar kowace ƙafa huɗu, da tiyon roba huɗu duk a canza, don tsohon tiyo kan kumbura ta ciki ya riƙe burki ko da waje ya yi kyau. Duba ko mastan mai layi ɗaya ne. In haka ne a sa mai layi biyu, domin mai layi ɗaya tiyo guda ya fashe ba ka da burki ko kaɗan. Burkin ganga ne, ba ya saita kansa, da hannu ake matsa shi ta ramin da aka bari. Notin ƙafar baya milimita 36 ne, ɗaurinsa mai tsanani, a mayar masa da sabon fin.

Na biyu fetur, don wuta ita ce ajalin Beetle da yawa. A sauke tanki a wanke, lita 40 yake ci. Tiyon mai duka sababbi, mai ramin milimita 5.5, ba 6 ba, kowane baki da kilif. Bututun tagullar da ke shiga kafireto matsa shi kawai aka yi, ja shi da hannu, in ya motsa a gyara, kuma kada a rataya filtar roba tsakanin famfo da kafireto, nauyinta ke zare bututun fetur ya zuba kan distirbuta. Filta ta koma ƙarƙashin tanki. Inda bututun ƙarfe ya ratsa kwanon gaban inji a tabbatar akwai robarsa. Batir a ɗaure shi a rufe kansa, don in mai nauyi ya zauna a baya sifirin ɗin kujera na taɓa kan batir. Abin kashe gobara ya zauna kusa da ƙafarka, ba a but ba.

Sai kwanon baya da robar, ba za ta yi ko zagayen unguwa ba sai an same su. Tukunyar iska mai baƙin mai a ciki, in tana nan, kada a musanya ta da 'yar ƙaramar filta mai ƙyalli, ita ta fi iya ƙurarmu. A wanke a zuba sabon mai zuwa layin. Man giya lita 2.5, girisi a nonuwa huɗu na bim ɗin gaba. Tayoyi inci 15 ne, sababbi za ka sa ko da zanen tsofaffin bai cinye ba, ka karanta lambobi huɗu na mako da shekara a jikinsu. Iska 18 a gaba, 27 a baya. Mai faci zai so ya buga 40 ko'ina, kar ka bari, gaban ba nauyi, sai ta riƙa yawo a titi.

Bayan nan ka gwada ta zuwa Wudil ko Bichi da safe, a kan 80. Da ka tsaya ciro sandar gwajin baƙin mai. In kana iya riƙe ta da yatsu, sanyaya na aiki. In ta ƙona ka, a koma kan taimin, bawul da kwanuka. Fenti da kushin sai ta yi wata uku tana zuwa tana dawowa da ƙafarta.